Wai da gaske nan gaba duniya za ta gagari jikokinmu zama, ko tsoratarwa ce kawai?

Abban_Walid

Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu sanin abin nake so su amsa, ban da 'yan zolaya. Kullum ka kunna rediyo sai sauyin yanayi, ɗumamar duniya, wai nan gaba akwai garuruwan da ba za su zaunu ba saboda zafi, wai teku zai cinye wasu, wai abinci zai gagari mutane. To ni dai a sanina tun kaka da kakanni ana fari ana ambaliya, har yau ana ba da labarin yunwar Kakalaba ta wajen 1914, lokacin ina hayaƙin mota ina masana'anta a ƙasar Hausa? Me ya sa yanzu duk abin da ya faru sai a jingina shi da sauyin yanayi?

Abu na biyu da ya fi ɗaure min kai, ana cewa hamada tana cinye Arewa, kuma dai Arewan ce ruwa yake ci duk damina. To bushewa muke yi ko nutsewa? Sannan in ma gaskiya ne, mu da ko wutar kirki ba mu da ita meye laifinmu a ciki, kuma me ake so mu yi?

Malam_Jogirafi

Wa alaikumus salam Abban Walid. Bari in fara da ta biyun don ita ce mai tsoka. Duka biyun ne ke faruwa kuma tushensu ɗaya. Iska in ta ɗau zafi tana riƙe tururin ruwa fiye da da, wajen kashi 7 cikin ɗari ƙari a kan kowane digiri ɗaya. Sai ta riƙa zuƙe damshin ƙasa da sauri, gona ta bushe shuka ta yi yaushi, sannan ran da za ta sauke abin da ta ɗauka sai ta juye shi gaba ɗaya a awa biyu ko uku. Ruwan da ya kamata ya sauka a hankali ƙasa ta sha ta ƙoshi yanzu a dare ɗaya yake zuwa, ita kuma ƙasar da aka sare wa bishiya aka kwashe mata kara ta yi tauri ba ta sha, sai ya bi ta kai ya kwashi taki da ƙasar noman ya nufi cikin gari. Akwai binciken da ya fito a 2017 wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan adam, ya nuna irin hadarin nan mai zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya ya ninka sau uku a yankin Sahel daga 1982. Shi ya sa manomi zai ce maka bana an sha ruwa amma gero bai yi ba, kuma ba ƙarya yake ba.

Maganar Kakalaba kuma gaskiyarka, fari ba baƙonmu ba ne, an yi na 1973 an yi na 1984, ba wanda ya ce yau aka fara. Abin da ya canza shi ne zafin duniyar kansa ya ɗaga. Iskar kabon da ke fita in an ƙona kwal da fetur da gas, kafin zamanin masana'antu tana wajen 280 a cikin kowane miliyan ɗaya na iska, yanzu ta haura 420, kuma ita ce take tare zafi ta hana shi fita sama. 2024 ita ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi, har ƙarin zafin da aka samu a kan na kafin zamanin masana'antu ya ɗan haura digiri 1.5 ɗin da ƙasashe suka yi alkawari a Faris a 2015 cewa za a yi ƙoƙari kar a wuce. Za ka ce digiri ɗaya da rabi ai ba wani abu ba ne, to wannan an haɗa ne har da teku aka raba, mu da muke kan tudu namu ya fi haka.

Ka tuna azumin 2024? Garin Kayes a Mali ya kai digiri 48.5 ran 3 ga Afrilu, wani asibiti guda ɗaya a Bamako ya ƙirga mamata sama da 100 a kwana huɗu. Wata biyu bayan nan a aikin Hajji mutum sama da 1,300 suka rasu, zafi ya kusa 52 a Makka. Ni wannan ne yake hana ni barci, ba teku ba. Jikin ɗan adam yana da iyaka, in dare bai yi sanyi ba jiki ba ya hucewa, tsoho da jariri da mai ciwon ƙoda su ake fara rasawa. Mai hali zai sa sola ya kunna abin sanyaya ɗaki ya kwanta, to mai faskare fa, da mai tura baro a Dawanau, da lebura a kan rufin bene? Ba wai rana ɗaya za a wayi gari duniya ta ƙi zaunuwa ba, talaka za ta fara kora, unguwa unguwa.

Dan_Gwange

Malam duk na yarda da bayaninka amma bari in ƙara wani abu don ni ganau ne ba jiyau ba. Daren da dam ɗin Alau na kusa da Maiduguri ya ɓalle, wayewar 10 ga Satumba 2024, ihun maƙwabta ne ya tashe mu, ina sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Kafin mai ɗakina ta tattara takardun makarantar yara a leda ya kawo gwiwa, kafin mu kai bakin titi ya kawo ƙirji, tsohuwata a bayana na goya ta, ƙaramin yaron a wuyan ƙanina, duhu ba ka ganin inda kwata take sai dai ka riƙa lalube da ƙafa kana salati. Da gari ya waye ga mutane a kan rufin kwano, ga kwale-kwale yana yawo a tsakiyar Maiduguri inda jiya keke napep ke bi. Kasuwar Monday ta sha ruwa, fadar Shehu ta sha, asibitin koyarwa ya sha, gidan zu yawancin dabbobin suka mutu aka ce a yi hattara da kada da macizai, katangar gidan yari ta faɗi fursunoni kusan 300 suka fice. Amma wallahi ruwan bai kai bayan ruwan wahala ba. Laka har ƙauri a cikin ɗaki, masai da rijiya sun zama ɗaya, buhun masarar da na ajiye na buɗe na tarar ya kumbura ya yi tsami har ya fara tsiro, warin nan har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi.

Abin da nake so in ce shi ne, dam ɗin nan ya taɓa cin garin nan a 1994, shekara 30 cif. Ba a ce ba a san halinsa ba. To in aka tashi aka ce sauyin yanayi ne shikenan an ba masu sakaci wurin ɓuya. Sauyin yanayi ya kawo ruwan, na yarda, amma ba shi ya hana gyara ba, ba shi ya yanka fuloti a kan hanyar ruwa ya sayar ba, ba shi ya cika kwalbati da leda ba. A 2022 mutum sama da 600 ambaliya ta kashe a Najeriya, aka yi jaje aka raba taliya da tabarma aka watse. Mokwa a watan Mayun 2025 haka. Ni yanzu in na ji jami'i ya fara cewa sauyin yanayi sai in ƙara kasa kunne in ji me yake so ya rufe.

Sarkin_Gardama

Allah ya kiyaye gaba Dan Gwange. Amma ku dai ku yi ta biye wa Turawa. Su suka ƙona kwal shekara 200 suka gina ƙasashensu suka ƙoshi, yanzu da aka ga mai a Kolmani, Nijar ta fara fitar da na Agadem, sai a ce mana a daina fetur a koma sola. Afirka kaf ɗinta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin nan. Wanda ya ɓata shi zai gyara. Kuma ruwa da fari na Allah ne, mu gyara tsakaninmu da Shi mu yawaita istigfari, ba taron otal ba.

Maman_Ilham

Sarkin Gardama sunanka ya bi ka. Istigfari dole ne ba mai ja, amma ai Allahn da ka ambata Shi ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abin da hannayen mutane suka aikata, ka duba Suratur Rum. Kuma malamai suna karanta mana hadisin da ya ce ko alƙiyama ce za ta tsaya kana riƙe da dashe in ka samu dama ka dasa shi. To ina ka ga an ce mu naɗe hannu?

Ni dai tawa matsalar ta kicin ce, kuma ina ganin maza ba kwa lissafa ta. A 2020 silinda mai kilo 12.5 wajen naira 4,000 ake cika ta, a 2024 ta haura 15,000, kananzir kuwa an ma daina maganarsa tun da aka cire tallafi. Me kuke so mace ta yi da yara bakwai da tukunyar wake? Gawayi mana. Layinmu a nan Zariya gidajen da na san sun koma gas da daɗewa duk sun fito da kurfoti sun wanke. Ni ma da nake wannan surutun buhun gawayi ne a bayan ƙofata. Ku tsaya a bakin hanyar Kaduna ko ta Birnin Gwari ku ƙirga manyan motocin gawayi da na icce da ke wucewa, kowane buhu bishiya ce ta kwanta, kuma ba ƙaramar bishiya ake nema ba, kaɗanya da kirya da marke ake bi saboda su ne gawayinsu ke daɗewa a wuta. Kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe su sayar, wadda sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ita ake ƙonewa a sati ɗaya. Sannan hayaƙin mu ne muke shaƙa da goyo a baya, ido na ruwa ƙirji na ciwo.

Saboda haka duk wanda zai zo ya ce min a daina sare bishiya ya fara gaya min da me zan dafa tuwon dare. In gas ya yi sauƙi wallahi ba macen da ke sha'awar baƙin tukunya. Ga shi kuma ana ƙona gas ɗin a banza a sama a Neja Delta dare da rana, abin haushi.

Kai kuma Abban Walid da kake cewa meye laifinmu, ku Kanawa ai ba ku da bakin magana, kududdufan da kakanninku suka bari suna shanye ruwan gari duk kun cike su da shara kun gina shaguna, sai ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙa atamfa kuka fara salati. Bawa dai bawa ne ko ya yi kuɗi.

Abban_Walid

Hhhh Maman Ilham za mu haɗu ne, Bazazzagiya har ta samu bakin yi wa ubangidanta faɗa. Amma batun kududdufi kin faɗi gaskiya, na unguwarmu da muke kamun tarwaɗa muna yara yanzu filaza ce hawa biyu.

Bagobirin_Maradi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina karanta ku tun ɗazu, na ga duk maganar ta tafi wajen tsoro, bari in ba ku labarin abin da munka gani nan wajenmu don hamada ta fi kusa da mu bisa gare ku.

Bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu ke ce ma El Buhari saboda lokacin ne anka rufe iyaka, ƙasar Maradi ta zama fili fetal. Iska na tasowa ta binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau uku sau huɗu a damina guda. Anka zo da furoje, wato shirye-shirye, iri iri na dashen itace, a kawo dalbejiya da turare a leda a dasa a ɗauki hoto, rani na yi awaki su cinye sauran su bushe. Abin da ya yi aiki ba dashe ba ne. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan shi ya lura cewa 'yan tsirran da muke sassabewa kowace shekara muna ƙonewa, sabara da kalgo da sauransu, ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da anka sare, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. In ka bar ma kututture reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka datse sauran, da yake saiwar ta riga ta yi nisa, cikin shekara uku sai ka ga itace ya fi ka tsawo. Ba ban ruwa, ba leda, ba ko dala. Sassaben zamani muke ce mai.

Da farko mutane dariya sunka riƙa yi, wai gonar malalaci ce mai datti. Kuma akwai tsoron 'yan gandun daji, don a da itace na gwamnati ne ko cikin gonarka yake, ka taɓa a ci ka tara, to wa zai wahala ya rena abin da ba nashi ba? Sai da anka sassauta wannan, har anka gyara dokar daji a 2004, manomi ya tabbata icce nashi ne, sannan abin ya bazu. Yanzu ana lissafin kadada wajen miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 tsakanin Maradi da Zinder. Ku je wajen Dan Saga cikin Agye ku gani, ƙauye ya kafa kwamitin tsaron itace har da mata da Fulani a ciki. Gawo kuwa ai kun san halinshi, da damina yake zubar da ganye ya bar ma gero rana, da rani ya yi ganye dabbobi su kwanta ƙarƙashi su bar taki, geron gindin gawo daban yake ko makaho ya shafa zangarniya ya sani. Kuma Hajiya Maman Ilham, rassan da ake datsewa kowace shekara su ne iccen girkin gida, matanmu sun rage tafiya nesa neman icce.

Ban ce mun tsira ba fa. Damanar 2024 ruwa ya kashe mutum sama da 300 a Nijar, har tsohon masallacin Zinder na ƙasa wanda ya haura shekara 150 ya rushe. Itace ba ya hana wannan. Amma gonar da ke da itace ba ta mutuwa da wuri in ruwa ya ɗauke kwana 15.

Malam_Jogirafi

Bagobiri Allah ya saka da alheri, wannan ya fi duk abin da na rubuta amfani. Ka kwatanta da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti kusan kilomita 8,000, jihohi 11 na Arewa suna ciki, an yi taro an yi taro amma har yau abin da aka cimma bai taka kara ya karya ba in aka gwada da alkawarin. Wanda ya je Yusufari ko Yunusari a Yobe ya ga tudun rairayi a bayan gidajen mutane zai gane.

Sarkin Gardama kuma rabin maganarka gaskiya ce. Bashi ne a kansu. A 2009 a Kopanhegan suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020, ba su cika a kan lokaci ba kuma da yawan kuɗin rance ne ba kyauta ba. A taron Baku a 2024 aka ce biliyan 300 duk shekara zuwa 2035. A ci gaba da bin su bashin, ban hana ba. Amma ko gobe suka biya, ba Bature ne zai zo ya yashe maka kwata ba. Sannan akwai abin da ba ma son faɗa, ƙidayar 1963 ta ce mu miliyan 55 ne da ɗoriya, yanzu mun haura miliyan 220, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yana barin rabi ta huta yau jikoki 20 ne a kanta ba hutu, burtali an nome, fadama an nome. Rabin rigimar manomi da makiyayi daga nan take.

Tafkin Chadi ma a riƙa faɗar labarinsa daidai. Gaskiya ne daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, amma tun daga nan ya ɗan farfaɗo, ba ƙafewa yake ta yi kullum ba kamar yadda ake yaɗawa. Matsalarsa yanzu ba a san inda bakin ruwa zai tsaya bana ba balle baɗi, ga rashin tsaro ya hana masunci da manomi bin ruwan yadda suka saba. Haka fadamar Hadeja da Nguru, tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan baki suka samu gidan kwana suna cinye shinkafa. Wannan aikin hannunmu ne, ba hayaƙin Amurka ba.

Abban_Walid

Na gode ƙwarai jama'a. Bagobiri tambaya ɗaya, muna da gonar gado wajen Danbatta kusan kadada biyu, sabara ce cike duk shekara sai mun biya yara sun sassabe. Guda nawa ake bari, kuma yaya kuke yi da awaki da masu zuwa da gatari da daddare? Don mu nan ko dalbejiyar ƙofar gida ba a bari ba.

Bagobirin_Maradi

Fara da kamar 40 a kadada guda, ka warwatsa su kar su taru wuri ɗaya, in ka ga gero bai damu ba sai ka ƙara. Wuƙa ko lauje mai kaifi za ka sa, ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage, kuma kar ka aske reshen tas, ka bar mai ganye daga rabi zuwa sama. In ka samu tsiron gawo ko magarya ko aduwa ka fi ba su muhimmanci bisa sabara. Awaki shekara ta farko ce matsala, ka kewaye da ƙayar da ka datse. Mu nan muna ɗaura jan tsumma ga reshe don a san mai shi na so. Ɓarawon icce kuwa kai kaɗai ba ka iya mai, sai ka samu maƙwabtan gona uku ko huɗu kun yi tare kun je wajen mai gari ya yi shela, in ba haka ba kana renon icce ne ma wani. Kuma ka gaya ma yaran da ke maka sassabe tun kafin su shiga, don hannunsu ya saba, kana juya baya sun share komai.